Ranar da Aka Nemi Sunan Wasanmu da Turanci

Abin da ya tayar mini da wannan tunani ba wani babban abu ba ne. Ran kasuwar nan da ta wuce na zauna a rumfar mai goro tun hantsi har aka kira azahar, ina sauraro, ban ji an yi wa kowa tsiya ba. An yi ciniki, an gaisa, an tambayi iyali, an yi wa juna jaje, amma kowa maganarsa a aune take, kuma kafin ya faɗe ta sai ya waiga. Mu da aka sani da baki! Mu Katsinawa da ko gaisuwa za mu yi sai mun ɗan haɗa da zagi don ta yi gishiri, yau ga mu mun koma salihan dole. Ni kaina da nake wannan ƙorafi, wani yaro ya zo ya tsaya kusa da ni yana latsa waya, sai na ga na ja bakina na rufe, alhali maganar tsadar taki kawai muke yi da mai goron.

A ƙauyen da na tashi, can gefen Ruwan Godiya, ba haka ake wayar gari ba. Kafin rana ta fito za ka ji luguden taɓare daga gida uku ko huɗu, ga ƙarar guga a bakin rijiya, ga jakin maƙwabcinmu da ba ya fashin kuka, to a cikin wannan hayaniya tsokana take farawa. Kakata ta wajen uba, da ta gan ni na fito ina murza ido, sai ta ce ga angonta rago ya tashi, wanda ko cefanen daddawa bai taɓa yi mata ba, ita kam ta gaji da wannan aure. Ni kuma an koya mini in ce na sake ta, na samu mai haƙora. Wanzami yana aske maka kai yana zagin ƙeyarka. Wani Babarbare mai sayar da kanwa in ya shigo gari, matan Fulani masu nono ba sa barinsa ya sauke kaya sai sun tare shi, shi da su a yi ta yi har mutane su bar ciniki su kewaye su. Ranar gayya kuwa, in aka jeru a kunya, wanda aka bari a baya ya shiga uku, don mai ganga ma da shi zai yi ta kiɗa har a tashi.

Kuma kowace irin magana da sunanta, da wurinta. Akwai ba'a, akwai zolaya, akwai barkwanci, akwai gatse, akwai shaguɓe, akwai habaici. Ba a makaranta muka koya ba. Yaro ɗan shekara bakwai ya san in uwarsa ta ce, "Yi ta wasanka, kada ka ɗebo ruwan," gatse ne, gara ya ɗauki tulu. Ya san habaici da ƙaya a jikinsa, zolaya kuwa ba ta da ita. Ya san wanda zai ja wa gemu a yi dariya, da wanda ko takalminsa ba zai tsallaka ba. A saman duk waɗannan akwai wasan taubasai, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wanda shi ba shi da linzami. Abin da in wani ya gaya maka sai an kai ku gaban mai gari, taubashinka zai gaya maka shi a tsakiyar kasuwa, kai kuma ka nemo wanda ya fi shi zafi.

Nawa taubashin ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, wadda aka aurar wa wani Bafulatani mai shanu a wata ruga wajen Tafoki. Sa'o'in juna ne mu. Ni ina ce masa Agwai, shi yana ce mini Kaɗo, har sunayenmu na yanka suka kusa ɓace mana. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa, kuma ba wanda ya taɓa raba mana wannan gardama. Da kaka, in an kwashe dawa, sukan kawo shanunsu gonarmu su ci kara su bar mana taki, su yi wata guda ko fiye. A nan na koyi tatsa, shi kuma ya koyi ɗaurin dami, ko da yake har ya tsufa damin da ya ɗaure ba ya kai wa rumbu bai kwance ba.

Wata shekara, ranar cika-ciki, muna kamar 'yan sha biyu, aka aike ni bayan gari in yiwo wa tumaki ciyawa. Ina duƙe da lauje sai na ji igiya ta zarge mini kafaɗu. Agwai ne, da igiyar da ake ɗaure maruƙa. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi, ya tasa ni gaba har rugarsu, ya ɗaure ni a turke kusa da wani ɗan maraƙi ja, ya aika gida a gaya wa Baba an kama bawa, sai an kawo abin fansa. Matan ruga suka fito suna tafa hannu, gwaggo tana dariya har da riƙe ciki, aka ajiye mini ƙwaryar fura da nono a gabana wai a ciyar da bawa kada ya rame. Ni ban ga abin dariya ba. Kuka na yi, kuka na gaske, da majina. Can da la'asar sai ga Baba a kan keke da goro a aljihu, ya yi ta ciniki da Agwai, yana cewa wannan yaro ai bai kai goro biyar ba, ci ne da shi kamar gara, a rage masa. Aka kwance ni, muka koma gida.

Wurin kakata na kai ƙara. Tana tsinkar auduga, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kai, rufe mani baki. Ba a kai ƙarar taubashi. Jininku guda, uwarshi da ubanka nono guda suka sha, shi ya sa aka ba ku baki bisa juna. Da wani ne ya ɗaure ka, da yanzu ubanka ya ɗauki gatari ba goro ba." Ban gane ba a ranar, amma da shekara ta kewayo ni na ɓoye masa sanda da malafa a cikin rumbu, sai da ya yi mini kirari a gaban 'yan mata kafin na fito da su. Daga nan muka ɗora. Ranar aurensa na gaya wa dangin amarya su bincika, don a ruga ba a san wanka ba. Ranar da na dawo daga Makka ya zo ya leƙa bakina, ya ce haƙorin nan na gwangwani ne, a Funtuwa aka sa mini. Shekara sittin da wani abu muna haka, ban taɓa kwana da maganarsa a raina ba.

To, sai zamani ya juya. Ba sai na ba kowa labarin abin da ya sami ƙasar nan tamu ba, daga Kankara zuwa Faskari har Sabuwa, duk wanda ke nan ya sani a jikinsa. Aka fara da shanu, aka koma mutane. Gonar da ta yi nisa da gari aka bar ta ga ciyawa. Kalmomi biyu suka shigo bakinmu, har tsohuwar da ba ta taɓa ganin allon boko ba ta iya su: kidinafin da infoma. Ta biyun ta fi ta farkon ɓarna, don ɓarawo yana daji, infoma kuwa yana sahu ɗaya da kai a masallaci. Wa ya gaya musu wane ya sayar da masara? Wa ya nuna musu ɗakin da wance take? Sai kowa ya zama abin dubawa, mai shayi, mai gyaran babur, mai cajin waya. Wanda kuma yake da dangi a ruga, irina, sai ya ga in ya iso majalisa an canja hira. Agwai ya rage shigowa gari. Ni ma, gaskiya, na rage nemansa.

Wata rana da kaka, ana shirin karyar masara, na je kasuwa sayen buhuna. Ina tsaye sai na ji an cakumi wuyan rigata ta baya, an ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Na kama bawana! Yau kau sai daji! Ku gaya wa ɗiyanshi su tanadi abin fansa. Ina za ka gudu, Kaɗo? Na san ɗakin da kake kwana, na san gonarka!"

Agwai ne, ya rame, gemu ya yi fari fat, yana dariya da sauran haƙoransa. Maganar da ya saba ce, ko wasali bai canja ba. Na buɗe baki zan rama, sai idona ya faɗa kan mutane. Ba mai dariya. Mai buhuna ya tsaya da igiya a hannu. Wata mata ta ja ɗanta ta yi baya. Can gefe na ga waya a ɗage, an saita mu. Na yi wani yaƙe, na zare hannunsa daga rigata, na ce a hankali, "Bari mana, ba a irin wannan yanzu." Ya dube ni, ya dubi mutane, dariyar ta tsaya masa a fuska. Muka koma gefe muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambaye ni yaushe za mu karya masarar fadama, kuma wa ke zuwa gonar yanzu, ni ko ƙanena. Na gaya masa jibi-jibin nan, ranar Laraba. Ya hau bayan wani sabon babur da ke jiransa, suka tafi.

Ranar Laraba na tashi da ciwon ƙafa, ƙanena ya tafi gonar shi kaɗai da masu aiki biyu. Da hantsi masu aikin suka dawo a guje, ba takalmi. Mutane a kan babura sun fito ta cikin rafi, sun tafi da shi.

Kafin la'asar hoton kasuwa ya shiga kowace waya a garin. Ga Bafulatani ya shaƙe dattijo yana cewa sai daji, ga dattijon ya yi tsuru-tsuru. Washegari aka je ruga aka ɗauko Agwai, aka miƙa shi ga jami'an tsaro. Aka aiko mini in zo ranar Asabar in ba da bayani.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwana biyun nan ban yi su ina tausayin Agwai ba. Na yi su ina tuhumarsa. Matar ƙanena tana kuka a cikin gida, ni ina zaune a zaure ina jujjuya maganganu. Me ya sa ya tambayi ranar? To, ai makiyayi ne, kara yake so, shekara nawa yana wannan tambaya. Amma me ya sa ya ce ni ko ƙanena? Babur ɗin nan fa, na wa ne, a wannan marra da kowa ke kuka? An kore shanun mutane da yawa, nasa fa, me ya sa ban ji an taɓa su ba? Ɗansa na uku, wanda aka ce ya tafi kudu da kiwo, wa ya gan shi a kudun? Kuma wace dabara ta fi wannan, mutum ya faɗi abin da zai yi a bainar jama'a, ya lulluɓe shi da wasa? Sai in ce a'uzubillahi, ɗan gwaggo ne fa. Can kuma sai tunanin ya dawo ta wata ƙofa. Mutumin da na sani tun ba mu da wando, na zauna ina tsintar laifi a cikin gaisuwarsa.

Ɗana na biyu malamin Turanci ne a wata sakandare a Kankara, kowa Malam yake ce masa, har ni. Agwai ne ya ba shi tunkiyarsa ta farko, kuma Baffa yake kiransa. Ya iso ranar Juma'a, ya ce ya ji jami'in da ke riƙe da maganar baƙo ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, kuma da Turanci za a rubuta komai, don haka shi zai yi mana tafinta. Shi ko kaɗan bai yi shakkar Baffansa ba. Damuwarsa ɗaya, kalmar da zai sa. Bayan an sauko daga masallaci ya baje wani ƙaton ƙamus a kan tabarma yana ta buɗawa.

Na ce, "Mi kake nema haka? Ka ce masa taubashina ne, shi ke nan."

Ya ce, "Baba, Turanci ba shi da taubashi. Ɗan wa, ɗan ƙane, ɗan gwaggo, ɗan kawu, duk suna guda suke ce masu."

Na ce to wasan fa? Ya ce suna da kalmomi, har da yawa. Akwai jok, shi ne abin da aka faɗa don a yi dariya. Akwai tizin, wato zolaya. Akwai banta, shi ne a yi ta musayar tsiya tsakanin abokai. Akwai wata wai sakazim, ita ce gatse. Ya lissafo wasu da na manta. Ni dai ina jinsu ban yarda da ko ɗaya ba. Kowace ya fassara mini sai in ga ta yi wa abin kaɗan, kamar rigar yaro a jikin babba. Ina wadda ta ce uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito? Ina wadda ta ce dole ne, ba ganin dama ba, in ya gan ni bai yi ba sai a tambaya ko lafiya? Malam ya ce babu, sai dai a yi bayani. Na ce mutanen da suka ƙera jirgin sama, a ce sun rasa wannan? Ya yi murmushi, ni ban yi ba.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da tebur da benci, taga a buɗe, mutane sun taru a bayanta ana kora suna dawowa. Aka shigo da Agwai. Ba hula, ba sanda. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba tun muna samari, ashe duk gashin ya tafi. Da ya gan ni sai fuskarsa ta saki, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango kamar wanda aka ce masa an gama. Jami'in matashi ne, mai natsuwa, ban ga mugunta a tare da shi ba. Ya kunna hoton a waya, muka kalla, muryar Agwai ta cika ɗakin. Sannan ya tambayi Malam mene ne wannan. Duk abin da suka faɗa, Malam yana juyowa yana gaya mini.

Malam ya ce jok ne. Jami'in ya mayar da hoton baya, ya nuna fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ce in jok ne, ina wanda ya yi dariya? Malam ya ce to tizin ne, ya yi masa bayanin dangantakarmu. Jami'in ya ce ya gane, su ma a garinsu akwai masu irin wannan, amma shi bai taɓa jin an yi tizin da fansa ba, a wannan yanki, kwana kaɗan kafin a ɗauki mutum a gonar da aka ambata. Malam ya share gumi ya ce banta ne, tun suna yara suke yi, wannan ya faɗa wancan ya rama. Jami'in ya ajiye biro. Ya ce madalla, banta mutum biyu ke yinsa. Ya juyo da wayar wajena, ya tsayar da hoton daidai inda nake zare hannun Agwai daga rigata. Ya ce a tambayi Baba, in banta ne, me ya sa bai rama ba? Me ya sa fuskarsa ta nuna tsoro?

In ce tsoron mutane na ji, ba tsoronsa ba? Gaskiya ce, amma a bakina sai ta yi kama da ƙarya. Malam ya ga abin yana neman kuɓuce masa, sai ya ɗaga murya, yana nuna Agwai da hannu, ya faɗi wata magana da Turanci har sau biyu. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce shi ne, Baffa wasa kawai yake yi, ba da gaske ba ne, kuma kalmar da Turawa suka fi amfani da ita ke nan a irin wannan wuri. Kalmar ita ce kidin.

Agwai bai san jok ba, bai san banta ba. Turancinsa duka-duka bai wuce abin da kowa ya iya a shekarun nan ba. Ya ga yaron da ya goya a kafaɗa yana nuna shi da yatsa a gaban hukuma yana cewa kidin, kidin. Ya miƙe zumbur.

"Ni? Ni ne mai kidinafin? Malam, kai da bakinka? Ni na yi maka mi?"

Bayan taga aka ɗauka: Malam ya faɗa, ya ce kidinafin ne. Na ji maganar tana tafiya daga baki zuwa baki har bakin titi. Malam ya durƙusa gaban Agwai yana rantsuwa, "Baffa, wallahi ba haka ba ne, kalma biyu ce daban, wannan wasa take nufi, wasa!" Agwai yana huci yana dubansa, ya kasa yarda a ce wasa da satar mutane su zama kusan suna ɗaya a wani harshe. Ni ma da nake uban Malam sai da na dube shi sau biyu. Jami'in ya sa aka rufe tagar, ya bari aka lafa. Sannan ya ce shi ya gaji da kalmomi. Ga mai gona, ga wan wanda aka ɗauka, ga wanda aka shaƙe a kasuwa, duk mutum ɗaya ne. Baba ya faɗa da bakinsa: wasa ne ko ba wasa ba ne? Abin da ya ce shi za a rubuta.

Agwai ya juyo gare ni. Ya bar Malam, ya bar jami'i, ni kawai yake kallo, kuma ba roƙo a idonsa, jira kawai yake in faɗi abin da kowa ya sani. Ni kuwa a daidai lokacin sai ga babur ɗin nan a raina, sai ga ranar Laraba, sai ga ɗan da aka ce yana kudu. Ina cikin wannan har sai da Malam ya taɓa gwiwata ya ce, "Baba."

Na ce, "Wasa ne." Da na tsaya nan da ya isa. Amma sai bakina ya ƙara, "Iyakar sanina."

Malam ya fassara rabin farko, ya haɗiye na biyun, jami'in ya rubuta. Amma Agwai ba ya bukatar tafinta. Ya koma ya zauna inda ya tashi, ya sunkuyar da kai har muka fita.

Bayan kwanaki aka sake shi, don ba a sami komai a kansa ba. Ƙanena ya dawo bayan mako biyar, da ƙafafu a kumbure, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya ce waɗanda suka ɗauke shi ko sunansa ba su sani ba, sai da suka tambaye shi, kuma ba gonarmu suka nufa ba, hanya ce ta biyo da su. Babur ɗin na surukin Agwai ne. Shanunsa da nake cewa ba a taɓa ba, ashe an kore su tun farkon damina, saura uku suka rage masa, bai gaya mini ba, kuma su yake nemar wa kara. Maganar ɗansa kuwa har yau ban sani ba, kuma kunyar da nake ji ita ce har yanzu nakan tambayi kaina. A gari kuma ba a daina cewa Malam ya tona asiri da Turanci ba. Ya yi bayani har ya gaji, wasu suka ce ai dole ya gyara, tunda danginsu ne.

Na yi ta cewa gobe zan je ruga, gobe zan je. Ban je ba. Shi ya zo, wata safiya bayan an gama kwashe dawa. Na ji sallama a ƙofar zaure, irin sallamar baƙo. Ya tuɓe takalmi tun daga waje. Na nuna masa buzun da nake kai, ya ƙi, ya tsuguna can kusa da ƙofa.

"Alhaji, an tashi lahiya? Ya iyali? Ya mai jiki?"

Na amsa. Ya ce ya zo sallama ne, zai bi surukinsa, za su tashi daga Tafoki gaba ɗaya, ba su dai tsayar da inda za su sauka ba. Na ce haba, wane irin tashi da tsufa, ga kara nan a gona ban bari kowa ya taɓa ba. Ya ce an gode, Allah ya saka. Ya kalli ƙasa, sannan ya ce akwai abin da ya kawo shi.

"Alhaji, mun daɗe tare, kuma bakina ba shi da kyau. Na gaya maka maganganu da yawa tun muna yara, a gaban iyalinka, a gaban mutane. Ni ban san suna yi maka ciwo ba. Ga shi mun tsufa, ba wanda ya san gawar fari. Don Allah duk abin da na taɓa ce maka, ka yafe mani."

Na so in daka masa tsawa. Na so in ce tashi daga nan, tsohon banza, wa ya koya maka tsugunno? Na laluba bakina in samo zagi guda ɗaya, ko ɗan ƙarami, wanda zai sa ya ɗago kai ya rama. Shekara sittin ban taɓa rasa abin gaya masa ba sai ranar. Ya yi ta jira, a tsugune, hannunsa a kan gwiwa, kuma mutum in ya nemi gafara don Allah amsa ɗaya ce ake ba shi.

Na ce, "Na yafe."

Ya ce ya gode, ya sa takalminsa, ya tafi.